Ƙorafi Kan Na'urar Da Ta Ƙi Yatsun Raliya

Daga: Hajiya Tambaya Mai Lalle,
Bayan Injin Casa, Bunkure.
14 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Sabunta Katin Baƙi Ma'aikata,
Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure.

Game da: Roƙon ƙara wa'adin sabunta katin zama da na aiki ga yaran baƙi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ladabi, da fatan Allah ya ƙara girma, ina sanar da kai cewa ban zagi ma'aikacinka Musbahu ba, kamar yadda yake yaɗawa a tashar Kura. Cewa na yi na san shi tun yana yawo ba wando, kuma wannan tarihi ne. Ga yadda aka yi:

1. Raliya maƙwabciyata a goye aka kawo ta daga Nijar. Nan ta yi haƙori, nan aka binne uwarta, nan take shanyar shinkafa a injin Alhaji Badamasi. Katinta zai mutu ranar 30 ga wannan wata, kuma an ce wanda bai sabunta ba a raba shi da aiki, a sa shi mota sai iyaka. Yarinyar da ko Kano sai an riƙe mata hannu, wa za ta nufa a can?

2. Ranar Talata, 12 ga Nuwamba, na raka ta ofishinku. Na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi ta, wai don ta sa lallen bikin ƙawarta. Ni na sa mata, ranka ya daɗe, kuma nawa ba irin na kanti ba ne da ke gudu in ya ga ruwa. Matar wani kansila ma ta sani, duk da tana cewa a birni ake mata.

3. Musbahu ya ce ta je ta wanke. Mun sa lemon tsami, mun sa toka, mun sa omo, har da dutsen goge kaushi. Yarinya ta yi kuka, lalle ya ƙara kyau. Da muka koma jiya Laraba, cikin ladabi na ba da shawara a ɗauki yatsan ƙafa. Aka cire takalmi, ashe na manta can ma na sa. Na miƙa nawa yatsan a madadinta, tunda duk gida ɗaya ne. Sai Musbahu ya tashi ya fice, ya bugo ƙofa har kalandarku ta faɗo.

4. Wanda ya sa wa'adi a Nuwamba, Allah ya gafarta masa, ba a gayyatarsa biki. Shinkafa ta shiga buhu, kowane lungu kiɗa ne, ina za a samu budurwa mai farin hannu? Samarin ma lauje ya cinye musu zanen yatsa.

5. Ni ba mai gulma ba ce, amma Ummulkhairi mai awara, wadda babur ɗin Musbahu yake lalacewa a ƙofar gidansu kullum bayan la'asar, ita ma 'yar Nijar ce, ita ma ba ta sabunta ba. Ta zo tana roƙo in yi mata lalle ranar Juma'ar makon gobe, na bikin yayarta, har gwiwar hannu. Ban hana ta ba. Ban kuma faɗa mata zancen na'urar ba.

Saboda haka nake roƙo, cikin ƙanƙan da kai, a ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da bukukuwa suka lafa, hannuwa suka koɗe, domin Raliya da ire-irenta su zauna a inda suka tashi. Ina fatan samun amsa kafin wannan Juma'ar, don ganyen yana nan a dake, ruwa kawai yake jira. A kuma karanta wa Musbahu lamba ta biyar a hankali.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ofishinka daga masu bugun ƙofa.

Taka mai biyayya,
Hajiya Tambaya Mai Lalle