Koren da ya fito a tukunyar Baba

Zuwa ga Goggo Salwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya ƙara miki lafiya, ya sa sanyin Kanada bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Mu nan Zahle ta Lebanon lafiya, inabi ya fara nuna. Na rubuto ne domin a waya ba zan iya ba, kin san gidanmu, ko tari ka yi kowa ya ji.

Goggo, baikon yayata Hiyam saura mako biyu, kuma Baba ya rantse ba giyar kanti da za ta shigo gidansa, tasa ta sha'ir za a sha. Tunda ciwo ya zaunar da shi, ba abin da ke sa shi dariya sai wannan aiki. Ya jiƙa ta a babbar tukunyar jan ƙarfen da ake dafa alkama. Abin da bai sani ba, kakarmu Teta ta riga ta dirje cikinta da lemun tsami da gishiri da yashi, kamar yadda take yi kafin kowane biki, har farin shafen kuza da ke kare abinci daga gubar jan ƙarfe ya tashi. Mai shafa wa tukwane kuzan nan da ke zagayowa duk bazara kuwa ya rasu.

Da na ɗaga murfin, sai ga kore ya zagaye bakin tukunyar, guggubi ya kwanta a ƙasa, warin kamar ka tsotsi tsohon makulli. Mama ta ce wannan ko jakin maƙwabta aka ba sai ya kwanta. Amma Baba tun ciwon ba ya jin ɗanɗano, idonsa ma ya rage. Ya kurɓa ya ce ko limamin coci ya sha sai ya nemi ƙari.

Mama ta ce ita ba da bakinta ba. Hiyam ta ce in aka faɗa, Teta za ta yi kuka har ta kwanta, in ba a faɗa ba, dangin ango su kwana a asibiti. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri wani yakan ƙwanƙwasa ƙofa da mafita. Na zauna a taga har yamma, mai gas kaɗai ya zo.

Ke ce yayar Baba, ke kaɗai yake saurara. Don Allah ki kira shi, amma kada ki ambaci Teta. Jiya ya ɗura giyar a kwalabe, ya kira ni 'yar autarsa mai kunyar kyanwa, ya ce ni zan zuba wa baƙi da hannuna, uban ango farko.

Ki gaida Kawu Mansur da su Karim. Teta ta ce a tambaye ki ko kina dirje tukwanenki da kyau.

Taki,
Jumana