Baba Ya Hana Ni Taɓa Injinka

Gubuchi, Makarfi.

Zuwa ga ƙanena Zayyad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Samira da yara. Yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Allah ya tsare ku, ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita barka, ƙanwarmu Hafiza kuma ta sauka lafiya, an sami namiji. Na ba Misbahu direban motar tumatir takardar nan ya kawo maka, don maganar ba ta waya ba ce. Da ka kira, Baba yake karɓe wayar daga hannuna.

Injin ban ruwan da ka aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: tun da ya shigo gidan nan kishi nake yi da kai, kuma ya hana ni sakat. Ka san tsohon injinmu, wanda nake lallaɓawa tun kana makaranta. Ni ne wanke filogi, ni ne kwance kafireta a bakin fadama ina hura ta da baki har fetur ya ɗaye mini leɓe, ni ne ɗaura igiya in ta tsinke. Daga nesa in na ji kukansa na san abin da ke damunsa. Tumatirinmu bai taɓa kwana da ƙishi ba, amma ban taɓa jin Baba ya ambaci sunana a kai ba. Naka kuwa, tabɗi! Har majalisar ƙofar masallaci ya sa aka kai shi cikin kwali, ana shafawa, yana ta sa maka albarka. Tsohon injin kuma, ina Kudan wajen ta'aziyya Baba ya ba 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa shi, na dawo na tarar da tabon mai kawai a zaure. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Baba ya hana ni taɓa sabon. Da kansa yake tayarwa, wai hannuna na tsofaffin injuna ne, sabo ba ya son jagwalgwalo. Na gaya masa sabon inji dole a juye baƙin mansa na farko da wuri, saboda ƙarafan ciki suna gugar juna, garinsu yana taruwa a man. Ya ce wane mai hankali ne zai zubar da man da Zayyad ya haɗo tun daga Fatakwal. Ga shi yana barin cok, abin nan mai toshe wa inji iska lokacin tayarwa, rabi a rufe, wai kukan ya fi kauri, hayaƙi baƙi sai tashi yake, soson iska kuma ya toshe da ƙura. Shekaranjiya na faki idonsa na buɗe murfin man na murza a yatsa, baƙi ƙirin, har da ɓurɓushi. In aka ci gaba a haka injin nan bugawa zai yi, alhali tumatir yana fure, kuma ba mu da wani.

Matata Radiyya ta ce in zuba ido ya buga, ko Baba ya san amfanina. Wallahi sai da maganar ta yi mini daɗi, har na hango shi yana kirana da murya ƙasa-ƙasa. Amma daga gonar nan gidan duka yake ci, kuma ba zan iya kallon tsoho ya ji kunya a majalisar da ya yi alfahari ba.

Saboda haka ga roƙona. Ka kira shi, ka ce kana so a juye man, a wanke soso, a riƙa buɗe cok in inji ya tashi, kuma ni Tukur in yi. Kada ka ce na rubuto maka, kada ma ka ce na iya. In daga bakinka ta fito zai ji. Na san yadda za ta kaya: zan tsuguna in yi aikin, kukan inji ya daidaita, shi kuma ya tafi majalisa ya ce Zayyad daga Fatakwal ma yana jin ciwon inji. Zai yi mini zafi, amma na yarda. Ka dai kira kafin Juma'a.

Inna tana sa muku albarka. Radiyya da Hafiza suna gaida Samira, ka shafa mini kan 'yarka Hussaina. Allah ya sada mu da alheri.

Naka yayanka mai wanke filogi,
Tukur.