Guzurin Mutum Uku

Wonju, 2 ga Satumba

Zuwa ga Yayana Byong-ho,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanwarka Myong-hwa. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka a São Paulo, Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da shagon ɗinki ya bar maka. Mu ma nan lafiya lau, zafi ya fara sauka. 'Yarmu Da-som an mayar da ita aiki Busan, tana zuwa ƙarshen wata ta share abin da ke cikin firji ta koma. Inna tana ci tana sha, jikin ba laifi, kan ne dai kamar yadda ka sani, yau ta san ni, gobe ta ce da ni baiwar Allah ina 'yata. Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Na san halinka, da an ɗauko magana mai nauyi a waya sai ka ce wani ya shigo shago. Wannan karon ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Ka san maganar tafiyarmu ni da Baban Da-som. Likitan ido ya gaya masa gaskiya a watan Mayu, ya ce baɗi war haka ba lalle ya riƙa bambance dutse da rami ba. Tun muna da ƙuruciya yake mafarkin bin doron duwatsun Baekdu-daegan da ƙafa, daga dutsen Jiri har Jinburyong inda hanya ke ƙarewa, kwana hamsin, to bana ne ko kuwa babu. Mun sa ranar ashirin da biyu ga wannan wata, don mu gama kafin a rufe duwatsun saboda gobarar daji. Ita kuwa Inna na yi mata rajista a gidan kula da tsofaffin nan na bakin kogi, kamar yadda ka ba da shawara, har ka ce in ta saba a bar ta can gaba ɗaya. Ba zan yi maka ƙarya ba, Yaya, murna nake yi. Shekara bakwai ina wanke ta ina ba ta abinci a baki, ina neman takalminta a cikin tukunya. Kwana hamsin ba mai kiran sunana sai mutum ɗaya, har lissafin kwanakin nake yi kamar yarinya mai jiran hutun makaranta.

Mu biyun ba wanda ya taɓa kwana a tanti. Ranar da aka kawo namu, a tsakiyar falo muka kafa shi, muka yi awa biyu muna faɗa, da muka gama sai ga sanda ɗaya ta ragu a hannuna, har yau ba mu san wurinta ba. Wasu masu hawan dutse suka gaya wa Baban Da-som cewa duk wanda ya galabaita a hanya kayansa ne suka kashe shi, shi ke nan mutumin nan ya sayo sikeli ya zama alƙalin gida. Ya yanke mariƙin buroshin haƙori, ya auna cokali, ya auna matajina. Ya ɗaga man shafawata ya ce, "Uwargida, duwatsu ba ruwansu da kyanki, wannan ya yi nauyi, a bar shi." Na ce masa to tumbin nan naka fa, shi ma a gida za mu bar shi? Kullum da yamma haka yake baje kaya a ƙasa, risho da tukunya da jakar barci da rigunan ruwa, yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan ya yi nauyi, a bar shi. Inna tana kan kujerarta tana kallo, ban taɓa kawowa a raina tana saurare ba.

Abinci ni na ɗauki nauyinsa. Na ƙi sayen na leda, na ce da ƙanzon shinkafa da garin gasasshen hatsi za mu tafi, ga busassun ƙananan kifi da ganyen teku. Abin mamaki, da na ɗora kasko na fara gasa sha'ir da wake, Inna ta taso ta karɓe ludayin ta ce ban iya ba. Matar da ba ta san ranar mako ba, amma hannunta bai manta daidai lokacin da hatsi ke gasuwa ba. Kwana huɗu muna aiki tare, ta yi ƙanzo mai kyau irin wanda rabona da gani tun zamanin Kaka. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe aikin nan magani ne. Muka raba guzurin kwana-kwana, kowace rana ledarta, a ciki ƙulli biyu, nawa da nasa, sannan a zuba a kwalaye a aika masaukan da za mu riƙa sauka a kan hanya.

Da Baban Da-som ya zo auna kwalin farko sai ya ga ya wuce lissafi. Ya buɗe leda ɗaya, ƙulli uku. Ya buɗe ta biyu, uku. Ya ce ni ce ban iya ƙirga ba, na ce shi ne ba ya gani, muka cire na ukun muka rufe. Washegari suka dawo, a duk ledojin. Na ukun ƙarami ne, bai kai rabin namu ba, gari ne zalla ba ƙanzo, kuma ba a leda yake ba, a ƙyalle aka ɗaure shi, ƙyallen kuwa tsohon zanen gadona ne aka yayyaga. Ranar da la'asar na dawo daga kasuwa na iske Inna durƙushe a gaban kwalaye tana ɗaurawa da sauri tana waige-waigen ƙofa. Na ce Inna na wa ne wannan? Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Na Mal-sun mana. Ba ta da haƙoran ƙanzo, sai an dama mata. Ke kullum sai kin manta da ita." Yaya, ka taɓa jin sunan nan? Ni shekarata hamsin da huɗu a duniya ban taɓa ji ba.

Na ɗauka ruɗewa ce irin wadda ta saba, na ƙyale ta. Sai ranar Lahadin da ta wuce, bayan mun dawo daga coci, Baban Da-som ya gama shirya jakata ya auna, kilo tara cif, yana ta fariya. Ya ɗora min a baya na yi zagaye biyu a falo, na ce wash, kafaɗuna, na sauke ta a ƙasa. Ihun da Inna ta yi har maƙwabta sun ji. Ta rarrafo ta rungume jakar, ta juya mata baya ta zura hannuwa a igiyoyin, ta miƙe tsaye. Mace mai shekara saba'in da bakwai, wadda sai na riƙe ta take shiga banɗaki. Ta sunkuya kaɗan, ta mayar da hannu biyu baya ta tallafi ƙasan jakar, tana jijjiga ta tana ɗan bubbugawa. Muka yi muka yi ta sauke, ta ƙi. Ta dubi Baban Da-som da wani irin ido ta ce, "Ba ta yi nauyi ba. Zan iya. Don Allah Mama kada ki ce a bar ta, zan iya." Shi ne Mama a idonta a lokacin. Mutumin nan ya zauna a ƙasa, sikelin na hannunsa.

Da ƙyar na lallashe ta ta zauna a bakin gado, jakar na bayanta. A nan ta ba ni labarin, guntu-guntu, wani da muryar tsohuwa wani da muryar yarinya, ni na haɗa shi. A sanyin gudun hijirar lokacin yaƙi ne, tana da shekara goma. Kaka tana goye da Kawu, ga tukunya da bargo a ka, ita kuma Inna tana goye da ƙanwarsu Mal-sun, mai shekara biyu. Mu abin da aka gaya mana su uku suka fito daga ƙauye. Su huɗu ne. Kwana shida suna tafiya cikin ƙanƙara, ƙafafun Inna suka kumbura, tana faɗuwa tana tashi, ayarin mutane na nisa da su. A rana ta bakwai Kaka ta nuna mata wani gida a gefen hanya, ta ce ta kai yarinyar ta zaunar a bakin ƙofa, ta sa mata ƙullin gari a cinya, ta ce mata yanzu za a dawo. Ita Kaka ba ta ƙarasa wurin ba, a kan hanya ta tsaya ta juya baya. Inna ta ce yarinyar ba ta yi kuka ba, ƙullin ta riƙe da hannu biyu tana kallonta. Kakarmu, Yaya, mai ɓoye mana alewa a aljihu. Ba na zagin ta, ban san abin da zan yi ba da ni ce. Amma kai ka kwana a ɗakinta har ka yi shekara goma sha biyu, ka gaya min gaskiya in ta taɓa ambaton wannan suna.

Tun ranar gidan nan ya sauya min. Jakar tana kwana a gefen Inna, ta lulluɓe ta da bargo. In na wuce kwalayen guzuri sai in ji kamar akwai mai jira a tsakaninsu, har na daina shiga ɗakin ni kaɗai. A kasuwa duk tsohuwar da ta kai saba'in sai in tsaya ina duba goshinta da kunnuwanta ko zan ga namu. Inna ba ta san sunan wurin ba, ba ta ma san ko kudu da iyakar da ta raba ƙasar nan ne ko arewa ba. Baban Da-som ya ajiye sikelin a saman kabad, ƙullin na uku kuwa ya ce kada a cire su, shi zai ɗauka. Ya kuma ce in ban iya ba a fasa tafiyar, duwatsu ba inda za su. Ya faɗa da dariya, amma na gan shi da rana tsaka a baranda ya kai taswira har kan hancinsa yana bin layin da yatsa. Tausayinsa nake ji, kuma haushin kaina nake ji, domin har yanzu ina son tafiyar nan.

Jiya da safe Inna ta tashi garau, ta kira ni da sunana, har ta tambayi ko Da-som ta sami miji. Ina taje mata kai sai na ga ta ɗaure kayanta a ɗankwali, riga biyu da hoton Baba da cokalinta. Ban taɓa gaya mata maganar gidan tsofaffi ba, ban san yadda ta sani ba. Ta ce, "Myong-hwa, yaushe za ki kai ni?" Na ce Inna kwana hamsin ne kawai, zan dawo in ɗauke ki. Ta kama hannuna da matajin a ciki ta ce kada in faɗi wannan, in kai ta kawai, ba ta ga laifina ba, ta san yadda baya ke gajiya. Sannan ta ce, "Abu ɗaya nake roƙon ki. Ki duba gidan da hayaƙi ke tashi a cikinsa. Ni sai da muka yi nisa na waiga, na ga babu hayaƙi."

Da rana na buga wa gidan tsofaffin na ce su ba wani gadon. Mutanen kirki ne, wurin da tsabta, ba laifinsu. Amma ba zan iya zaunar da ita a bakin wata ƙofa in ce mata yanzu zan dawo ba. Kuma ba zan iya kallon mijina ya makance da taswira a hannu ba. Saboda haka Yaya, ka zo. Ba shawara nake nema ba, ta ishe ni, ba kuma saƙo ba. Ka bar wa ɗanka Sang-u shagon, ya girma, ka zo ka zauna da uwarka kwana hamsin, ka dafa mata shinkafa a gidanta, ka bar ta ta goyi jakarta in ta so, mun riga mun sayi wata. Shekara goma sha ɗaya rabonka da ita, ranakun da take gane mutane kuwa raguwa suke yi. In ka zo mu tafi, in ba ka zo ba mu zauna, Baban Da-som ba zai taɓa yi maka gori ba, ni ce dai zan sani. Da-som ba ta koma Busan ba tukuna, zan ba ta takardar nan ta ɗauki hotonta ta turo maka yau, kada ka ce tana hanya.

Ka gaida min matarka Yaya Ok-hi da kyau, ka ce mata na gode da maganin ƙafar da ta aiko. Ka gaida Sang-u da amaryarsa, da Hye-won da 'yan biyunta. Baban Da-som yana gaishe ka, Da-som ma haka. Na gaya wa Inna ina rubuto maka, ta ce in tambaye ka ko ka ci abinci. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Myong-hwa