Dada, Sun Ce Tukunya Mace Ce

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabin da ya kamaci 'ya ga uwarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji, a makwanci mai sanyi da yalwa. Baba yana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da kika sani. Mutanen ƙauyenku Bahuli ma lafiya lau, an yi shuka, ruwa bai yi gardama ba bana. Ni ce dai ba lafiyar ba, ko da yake in likita ya duba ni ba zai ga komai ba.

Tunda ba ni da adireshin da zan aika miki, na sa ta a shafina inda kowa zai leƙa. Masu leƙe, sannunku da zuwa, amma ba da ku nake ba.

Dada, mako mai zuwa zan tafi Abuja. Na haɗa jaka, na zazzage, na sake haɗawa. In na zauna sai in ji tabarma tana cizo na, in na tashi kuma ban san inda za ni ba. Jiya na fita sayen sabulu, sai ga ni a kan gada ina kallon ruwa, babu sabulu babu dalili. Bari in faɗa miki yadda aka yi tun daga tushe.

A jami'armu akwai wani darasi da ake ɗora wa kowa, mai karatun lissafi ne ko mai karatun noma, darasin sanin ƙasa da mutanenta. Gaskiya yawancinmu barci muke zuwa yi a kujerun baya. Amma sashen da ke kula da shi ba ya barci: yau an gayyato baƙo ya yi lacca, gobe muhawara, wani lokaci a cika bas a kai mu ganin wuraren tarihi. A ƙarshen zango a yi makon al'adu, sannan a zaɓi ɗalibi ɗaya ya je taron ɗalibai na ƙasa baki ɗaya. Waɗanda suka yi fice a can, wasu a tura su zango guda wata jami'a a kudu, wasu a ɗauke su koyon aiki a gidan rediyo.

Kin san ni da rediyo. Kina tuƙa tuwo a gidanmu na unguwar Nassarawo a Mubi, da kin ajiye muciya in ɗauke in kai baki ina karanta wa kaji labaran duniya. Ke kuma ki miƙo hannu ba ki ko waiwaya ba, ki ce, “Ba ni muciya na, ɗan jarida.”

To, makon al'adu ya zo. Aka kafa rumfuna a filin makaranta, kowace ƙabila da tata, ga kiɗa, ga girki, ga kayan gado. Aka ce kowa ya je rumfarsu. Kowa ya nufi tasa kai tsaye, ni na tsaya a tsakiyar fili rana tana duka na.

Na fara zuwa rumfar Fali, mutanenki. Suka yi mini maraba da jin sunan Bahuli, wata ta gaishe ni da yare. Na amsa ta farko, ta ƙara ta biyu, sai na yi murmushi kawai, irin na baƙo a gidan biki. Na wuce rumfar Fulani, mutanen Baba. Can ma “jam na” da “useko”, gaisuwa da godiya, suka kai ni bakin tabarma, daga nan mai ya ƙare. Ba wanda ya kore ni, Dada, kunya ce ta tashe ni.

Sai na ce to, ai ina da Hausa, da ita na buɗi baki. Na je rumfar Hausawa, na yi sallama, na ce musu rumfan nan ya yi kyau. Wata yarinya 'yar Katsina ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki, ta ce mini rumfa mace ce. Ba da mugunta ta faɗa ba, har fura ta ba ni. Amma na sha furar nan kamar magani.

A nan na tuna ki. Ranar da matar sabon malamin firamare, maƙwabciyarmu, ta ji kin ce tukunya ya fashe, ta gyara miki, ta ce tukunya mace ce. Kika ajiye tsintsiya, kika dube ta sama da ƙasa, kika ce, “To, wa ya aure shi?” Matan gidan suka yi ta dariya har aka manta da tukunyar.

Ke ba Bahaushiya ba, Baba ba Bahaushe ba. Kin kawo gyaɗa kasuwar Mubi daga Bahuli, shi ya koro shanu daga Sorau, ba ki jin yarensa ba ya jin naki. Hausar kasuwa ce ta haɗa ku, da ita kuka yi zance, da ita kuka yi faɗa, da ita kuka yi renona. A Hausarku babu mace. Kasuwa ya cika, akuya ya haihu, Goggo ya zo. Ni 'yarki tilo, amma tun ina goye har ranar da kika bar mu, “yarona” nake a bakinki. Ka ci abinci? Ka sa ɗankwali. Kada ka je mayo, ruwa ya yi yawa. Har na shiga firamare na zaci ko'ina kogi mayo ne sunansa.

Tun da kika tafi ba wanda ya ƙara ce mini “ka” da irin wannan muryar.

Malam Sunusi, wanda ke koyar da mu darasin, shi ya kira ni ofis bayan wata muhawara. Mutum ne mai kirki, ba ya ɓoye-ɓoye. Ya ce bana da Hausa wakilinmu zai yi jawabi a Abuja, kuma murya irin tawa yake nema. Sai dai ya ce alƙalan can mutanen Hausar littafi ne, in na je da bakin Mubi kafin in kai ƙarshen gaisuwa sun ajiye biro. Ya ce in gyara, shi zai taimaka.

Na kuwa gyara, Dada. Kin san in na sa abu a gaba ba na jin kira. Safe da yamma rediyo a kunnena, ina maimaita abin da suka ce. Ina tafiya a hanya ina raba wa duniya jinsi: mota mace, keke namiji, hanya mace, titi namiji. Rifkatu, 'yar Michika da muke ɗaki ɗaya, ta ce na zama ungozoma, komai na gani sai na duba mace ne ko namiji. Na koyi cewa awaki ake faɗa ba akuya da yawa ba. Na koyi matse maƙogwaro in fitar da ƙafa da ƙasa da ƙarfe yadda mutanen Kano ke yi, har wuya ya riƙa yi mini ciwo. Ranar gwaji na tsaya gaban malamai na zuba musu Hausa wankakkiya, ko tuntuɓe ɗaya ban yi ba. Aka zaɓe ni.

Na yi murna, ba zan ɓoye miki ba. Na yi tsalle a gaban mutane kamar ba budurwa ba.

Washegari na shiga motar Maiha, mai bi ta Sorau, don in kai wa Baba albishir da bakina. Kin san tun bayan rasuwarki ya koma Sorau wurin 'yan'uwansa, ya ce gidan Nassarawo ya yi masa faɗi. Na same shi bayan la'asar a gindin mangwaro yana gyaran igiyar maruƙa. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari duka na faɗa masa, taron da Abujar da rediyon. Yana saurare, idonsa a rufe, yadda ya saba in ina magana. Na daɗe ina zaton gyangyaɗin tsufa ne.

Da na gama ya sa mini albarka sosai, ya ce Allah ya kai ni inda ƙafarsa ba ta taka ba. Sai ya koma kan igiyarsa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Maganan ka ya yi kyau, kamar na rediyo. Amma da, in kana magana, ina rufe ido in ji uwan ka. Yau ban ji shi ba.”

Dada, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Bai faɗa don ya hana ni ba, ya ma tashi ya sa aka kama mini zakara. Amma tun daga bakin mangwaron nan har na iso Mubi ban san a wace kujera na zauna ba. Ba mu da hotonki mai kyau, ba mu da muryarki a waya. Ashe ɗan abin da ya rage wa tsohon nan a bakina yake, ni kuma na sa soso da sabulu na wanke shi tas, har aka tafa mini.

Tun ranar nake neman hanyar komawa, harshen ya ƙi. In na buɗi baki zan ce kasuwa ya cika, sai “ta” ta riga ni fita. Dubi wannan takardar ma: tun daga sama nake ce miki “kin” da “ki”. Da kina nan da kin tambaye ni da wa nake.

Abin da ya ƙara hana ni zama shi ne kan maganar da aka ba mu. Kowane wakili zai yi jawabi ne a kan harshen uwa. Malam Sunusi ya riga ya taya ni tsara nawa a kan Fulatanci, da kirarin shanu da waƙoƙin reno, abu mai kyau wanda alƙalai za su so. Ba ƙarya a cikinsa, amma ba da shi aka rene ni ba. Harshen uwata shi ne wanda ba shi da rumfa a filin makaranta, wanda Bafali da Bafulatani da mutumin Michika suke sayar wa juna barkono da shi, su yi wa juna ta'aziyya da shi.

Na koma ofishin Malam na faɗa masa ina so in canza. Zan buɗe da Hausar littafi don su san na iya, daga nan in juya in ƙarasa da taki, in ce musu ga harshen uwata. Ya daɗe yana juya biro a hannu. Ya ce magana ce mai ma'ana, a aji da ya ba ni maki mai kyau, amma can ba aji ba ne, wasu za su ɗauka kuskure nake yi, wasu su ɗauka wasan kwaikwayo ne. Ya ce bai hana ni ba, bai kuma ba ni shawara ba.

To ga ni nan, gaba kura baya sayaki. In na yi yadda aka tsara, wataƙila in samu rediyon da nake mafarki tun ina riƙe muciya. In na yi yadda nake so, wataƙila zaure guda ya yi mini irin dariyar 'yar Katsina, in dawo Mubi da jakata da kunyata, in kuma ja wa makaranta. Ina jin tsoro, Dada. Har tsoron ki nake ji, don na san halinki: ba mamaki ki ce mini wauta ce, dama ba ta zuwa kullum, in je in yi musu irin maganar da suke so in karɓo abina. Ke ce fa kike cewa, “Ka yi karatu ka ƙetare mayo, kada ka tsaya inda na tsaya.”

Amma kuma ke ce kika tambayi matar malam wa ya auri tukunya. Ban san wacce daga cikinku zan bi ba.

Yau da hantsi na kasa haƙuri, na kira Baba a waya. Na ce ya saurara, zan gwada masa rabin jawabin na biyu. Na rufe ido ni ma, na ga ki a bakin murhu, na saki harshe. Na yi tuntuɓe sau da yawa, “ta” tana kutsowa ina korar ta, amma da na kai wurin gyaɗa da shanu sai maganar ta kama hanya da kanta. Na gama. Ina jin kukan maraƙi a bayansa. Can ya share murya ya ce, “Yanzu na ji shi.”

Shi ke nan, Dada, na zuge jakar. Ban san abin da alƙalai za su yi ba. In sun yi dariya zan jira su gama. In an tambaye ni ƙabilata, zan ce su saurara.

Saura addu'a, kuma ba zan yi miki ita da Hausar rediyo ba, kada ki rasa gane mai yi.

Allah ya jiƙan ka, Dada. Allah ya sa kabari ya yi maka sanyi, ya yafe maka, ya ba ka gida mai kyau kusa da mayo na Aljanna. Ka yi wahala da ni, Allah ya biya ka. Allah ya ba Baba haƙuri da tsawon rai, ni kuma ya riƙe mini baki na ranan da zan tsaya.

Zan ƙetare, amma da kai zan tafi.

Yaron ka,
Asta