Rana Ta Haifi Ƙanƙara a Kurudu

Kurudu, Abuja
Talata, da hantsi

Zuwa ga Hajjo, inuwata a tsakiyar bazara, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya, yayyafin farko da ke tayar da ƙamshin ƙasa, matata ta shekara talatin da takwas, wadda taurin kaina ya fitar daga ɗakinta.

Assalamu alaiki. Kafin ki ci gaba da karatu, ki buɗe kular da ta zo tare da takardar nan. Buɗe mana! Kin gani? Ƙanƙara ce, Hajjo! Ba a kasuwar Karu na sayo ba. A firijinki ta daskare, a kicin ɗinki, alhali yau kwana huɗu ba a kawo wuta a layinmu ba. Na sa sola! Ni da kaina, Yamusa, mai baƙin rai, mai dogon Turanci, na sa sola a gidanmu!

Na san abin da za ki fara tambaya, domin ke mai tsoron Allah ce: ina rantsuwar? Na warware ta. Ranar Juma'ar da ta wuce na ciyar da miskinai goma a ƙofar masallaci, na yi kaffara, na dawo gida jikina sakayau kamar an sauke mini buhun siminti. Kin tuna ranar da na yi rantsuwar? Kin ce mu sa farantin sola ko biyu ne kamar maƙwabta, saboda allurar ciwon suganki da ba ta jure zafi. Na buga tebur na ce wallahi ba zan sayi abin da haƙƙina ne a ba ni ba, bayan shekara talatin da biyar ina yi wa ƙasar nan bauta. Na ɗauka da gwamnati nake faɗa. Gwamnati ba ta ma san ina yi ba. Ke ce kika faɗi a tsakar gida, ranar da allurar ta lalace karo na biyu, 'yarmu Nabila ta ɗauke ki zuwa gidanta a Garki ba ta ko kalle ni ba. Wata goma sha huɗu ke nan. Wane irin mai ilimi ne zai riƙe rantsuwa ya bar matarsa ta tafi?

Ya sanyin idona, ki zo ki ga Abuja daga kan rufinmu! Na hau tsani, da gwiwoyin nan nawa, na duba gabas da yamma. Gidan tela, shagon mai aski, cocin da ke bayanmu, har rumfar mai sayar da ruwan leda, kowa da farantinsa yana ƙyalli kamar tafki. Mutane sun daina jiran kowa. Sun ɗaga kai sun ga abin da Allah ke zubo musu kyauta tun safe har magariba. Ni kaɗai na rage ina zaune a zafi ina tsine wa ma'aikatar lantarki.

Wadda ta yi mana aikin wata yarinya ce daga Karu, sunanta Felicity, hannunta na da kyau ƙwarai. Da ta zagaya gidan sai ta nuna mangwaron da kika dasa shekarar da muka tare, ta ce, "Baba, wannan bishiya sai mun sare shi, yana tare rana." Na ce a sare hannuna tukuna. Ta ce to babu inda ya rage sai rufin ɗakin karatuna, baturan kuma a cikin ɗakin za su zauna, sai na kwashe kwalayen nan. Kin san su. Kwafin ƙorafe-ƙorafena, takardun fansho, da rahoton da na rubuta ina matashin injiniya kan amfani da hasken rana a ƙauyuka, wanda aka jefa a durowa har na yi ritaya. Felicity ta buɗe shi tana karkaɗe ƙura, ta karanta shafi biyu a tsaye, ta dube ni ta ce, "Baba, ka san duk wannan tun ba a haife ni ba, kuma Mama ta tafi saboda firiji?" Hajjo, ba a taɓa marina haka ba.

Na ba mai tsiren bakin titi kwalayen duka. Yanzu da rahotona ake naɗe nama a Kurudu. Karo na farko ke nan da ya amfani ɗan ƙasa.

Ban canza ra'ayi game da mutanen gwamnati ba, kada ki ce na zama waliyyi. Sun cuce mu, sun cinye ƙuruciyarmu, kuma za su amsa a gaban Allah. Amma na gaji da biyan su da ke.

Kin tuna Samaru, ina ɗalibi, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanku? Na zaro gilashi daga aljihu na tara rana a kan takarda har ta kama hayaƙi, ina cika baki cewa wata rana zan kamo miki rana sukutum. Kika rufe baki da mayafi kina dariya, kika ce, "Rana kam muna da ita har ta yi yawa. In kai gwani ne, ka sa ta ba ni ruwan sanyi." Shekara arba'in maganar nan tana bina. Ga shi nan a kula, farar tantabarata. Na makara, amma ga shi.

Ba da ka na yi ba. Kwana ashirin da ɗaya ina auna sanyin firijin safe da azahar da la'asar, ko ranar da hadari ya rufe gari bai motsa ba. Na ware wa allurarki shantar tsakiya, na wanke ta, na hana kaina ajiye ko lemo a kai. Fankar ɗakinki tana juyawa yanzu haka, tana kaɗa labulen da babu mai ɗaga shi. Mangwaronki ya yi 'ya'ya har rassa sun sunkuya, tsuntsaye na sha, ni kuwa na kasa tsinkar ko ɗaya. Wa zan yanka wa?

Ba na cewa ki yafe yau. Ki zo ki gani kawai. Ki zo da Nabila, ta buɗe firijin da hannunta, ta yi mini duk tambayar da take so, zan amsa kaina a ƙasa. In ta ce bai yi ba, ki koma, ba zan ce uffan ba.

Ba aike na yi ba, Hajjo. Ni na kawo kular. Ina ƙofar gidan Nabila, gefen mai gadi, a cikin zafin ranar nan da na yi shekaru ina gaba da ita. Ƙanƙara ba ta da haƙuri irin naki. Ki leƙo kafin ta narke.

Naki muddin rana na fitowa daga gabas, da bayan ta daina,
Yamusa