Ragon Babanki da Tabon Ƙafata

Al Wukair, Doha, ranar Asabar.

Zuwa ga Asabe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Da ma ko kina raye miƙo min za ki yi, ki ce in karanta miki, ke hannunki da aiki.

Har yanzu ina wurin 'yarki Bilkisu. Likita ce a asibiti, likita ce a gida. Ta hana ni gishiri, ta hana ni sukari, ta hana ni labaran duniya, wai suna hawar min da jini. Ita da mijinta su fita da sassafe, in yini ni da na'urar sanyaya ɗaki, ita tana gurnani ina tari. Amma ina satar ji. Duniya ta koma kamar shekarar da muka yi aure: can ana yaƙi, can matasa sun cika titi, nan kuma jirgi yana gudu a ƙarƙashin ƙasa ba direba. Sau ɗaya aka kai ni unguwar Mansura a cikinsa, na yi ta leƙe ina neman wanda zan yi wa sannu da aiki.

Wannan shekarar tamu ce ta jawo min magana. Akwai majalisar da Hausawa ke yi a unguwar Nu'aija bayan sallar Juma'a. Wani malamin jami'a a cikinsu yana naɗar muryoyin tsofaffi, kuma a garin nan tsohon Bahaushe ya fi ruwan sama wuyar gani. Yana son wanda ya ga shekarar nan ta yaƙin basasa, da ɗalibai suka tayar da ƙura a Turai, Amurkawa suka kewaya wata. Sai mijin Bilkisu ya miƙe ya ce ai surukinsa har tabo gare shi, na kulkin ɗan sanda, daga zanga-zangar haraji ta garinmu. Aka yi kabbara. Aka sa rana.

Asabe, ba kulki ba ne.

Ranar nan na fito daga makaranta da littattafan 'yan ajina. Da na hango taron, na ji ihu, sai na yanke ta lungunku. Ban kai ko kusa da ɗan sanda ba. Wani rago mai baƙin wuya ne ya tsinke igiya ya biyo ni. Na yi gudun da ban sake yin irinsa ba, ya cim mini a ƙofar gidanku, ya tura ni kwata, wani tsohon kwano ya tsaga min ƙwauri. Da na zo zance wurinki bayan sati biyu ina ɗingishi, kika tambaya, bakina ya riga ni, na ce kulkin ɗan sanda ne. Yaya zan ce wa yarinyar da nake so rago ya kayar da malamin makaranta?

Shekara hamsin da ɗoriya ina ƙara wa labarin nan gishiri. 'Yan sandan sun fara da biyu, kafin ki rasu sun kai bakwai, har da doki. A gabanki ban ji komai ba. Amma a naɗa a na'ura, a ajiye, in mutu in bar ƙarya tana magana da muryata? Ga shi tafiyar ta matso, sanda ma nema take ta gagare ni ɗauka.

Ran Alhamis Bilkisu tana auna min jini na rufe ido na faɗa mata gaskiya. Da na buɗe ido, likita guda tana zaune a ƙasa, ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba don dariya. Wai kin gaya wa yaranmu tun suna firamare, su duka biyar, kika sa suka yi alkawarin ba za su nuna sun sani ba. Wai ragon na babanki ne. Wai kina zaure kina kallo tun daga farko har ƙarshe. Wai abin da ya sa kika yarda da ni, ina kwance cikin kwata, jini na zuba, amma hannuna yana sama riƙe da littattafan yara, ko ɗaya bai jiƙe ba.

Haba Asabe! Duk sanyin da ƙafar nan ta motsa, kina shafa min man zafi kina cewa sannu jarumi, kina juya fuska bango, kafaɗunki na rawa. Ni na ɗauka kuka kike yi. Har lallashinki nake, ina cewa ki daina tunawa, ya wuce. Wane irin haƙuri ne wannan? Wa ya fi wani iya ɓoye magana, ni ko ke?

Jiya na je majalisar. Na ba su labarin rago daga igiya har kwata. Wani injiniya shayi ya sarƙe shi. Malamin jami'ar ya so ya kashe na'urar, na ce ya bar ta. Bayan nan na faɗa musu abin da na gani da idona: jiragen ƙasa cike da samari ana kai su kudu fagen yaƙi, da manyan 'yan ajina uku da suka ƙara wa kansu shekaru suka bi su, ban sake kiran sunansu a rajista ba. Ban taɓa ba da labarinsu ba, ina ta fama da 'yan sandana bakwai. Na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta ɗauka. Ba wanda ya yi dariya.

Mijin Bilkisu har yanzu bai iya haɗa ido da ni ba. Zai warke.

Ƙafar ta tashi yau da safe. Bilkisu ta ba ni ƙwaya biyu da ruwa, kuma sun yi aiki, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai ba wanda ya juya fuska bango.

Allah Ya haskaka kabarinki. Idan na iso, ki yi dariyar a gabana, in ji ta da kunnena.

Naki,
Malam, wanda rago ya kawo ƙofarki.