Zoɓon da Na Zuba wa Gishiri

Zuwa ga Yaya Zahradeen, sanyin idona, zumata farar saƙa, ruwan randa a tsakiyar bazara,

Assalamu alaikum. Na yaga takarda uku kafin wannan.

Ka tuna walimar saukar ƙanwarka Ulfa, kafin ku tashi daga Kankiya ku koma Kusada? Ni na haɗa zoɓon baƙi. Na ɗibar maka naka daban don in ƙara maka sukari, sai na ji muryarka a zaure, hannuna ya rikice, na zuba gishiri. Ban gane ba sai da kofin ya dawo, na ga gishiri kwance a gindinsa. Ka shanye tas, har ka aiko cewa ya yi daɗi! Na ce a raina, wa zai shanye ruwan gishiri ya yaba, in ba mai so ba? Wata bakwai ina rayuwa a kan kofin nan.

Makon jiya Malama Ma'u, mai ba mu shawara a makaranta, ta koya mana yadda mutum zai auna tunaninsa. A rubuta abin da zuciya ta yarda da shi a saman takarda, a ja layi, a dama a sa hujjar da ke goyon bayansa, a hagu wadda ke ƙaryata shi. 'Yan ajinmu suka rubuta tsoron jarrabawa. Ni na kare takardata da hijabi, na rubuta cewa kana sona. Hagu ta cika: ba saƙo, ba gaisuwa, sau biyu ka zo Kankiya ranar kasuwa ba ka biyo ta layinmu ba. Ɓangaren dama kuwa zoɓo kaɗai. Amma ya ishe ni.

Shekaranjiya Ulfa ta kira ni. Cikin hira, tana dariya, ta ce a makon walimar nan, mura ta kama ka har ba ka bambance barkono da alewa. Na taya ta dariya. Da ta kashe waya na ɗauko takardar na soke zoɓon.

Wayyo! Ashe harshenka bai san abin da ya sha ba? Ashe ni kaɗai na ɗanɗani ranar nan? Tun lokacin tuwo kamar ƙasa yake a bakina, Inna sai tambaya take ko zazzaɓi ne.

Don Allah ka faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. In akwai wani abu a ranka, ko kalma ɗaya ce, ka ba Ulfa. In babu, ka ce babu. Malama ta ce tunanin da ya rasa hujja a sake shi. Allah shaida na sake shi, shi ne ya ƙi sakina.

Taka, ko ka amsa ko ka yi shiru,
Humaira Bishir
Kankiya